Marigayi Woody Guthrie Da Faifansa Na Ƙasar Ƙura

A cikin shekarar 1964 ne kamfanin RCA na ƙasar Amurka ya sake buga wani tsohon faifai mai suna Dust Bowl Ballads, watau waƙoƙin ƙasar ƙura. A lokacin nan mai waƙoƙin, Woody Guthrie, yana kwance a asibiti, shekara wajen goma ke nan, hannunsa ba ya iya riƙe jita, bakinsa kuma da ƙyar ake gane abin da yake faɗi. Abin mamaki, wannan kamfani shi ne ya ƙi sake buga faifan tun mutumin yana da ƙarfinsa, yana roƙonsu.

An haifi Woody ran 14 ga watan Yuli, 1912, a garin Okemah cikin jihar Oklahoma. Mahaifinsa dillalin filaye ne, yana da rufin asiri, amma daga baya arziki ya karye. Gobara ta kashe yayarsa Clara a 1919. Mahaifiyarsa Nora kuwa ta kamu da wani ciwo da ya riƙa sauya mata hali, har aka kai ta asibitin masu taɓin hankali, can ta rasu a 1930. Sai daga baya aka gane ba hauka ba ne, ciwon Huntington ne, wanda ake gado, yana lalata ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Yaron ya tashi yana kwana gidajen mutane, yana busa da rawa a bakin titi don samun na tuwo, kafin ya bi mahaifinsa zuwa garin Pampa a jihar Texas.

To, a nan ne masifar ta same shi. Manoman wannan yanki sun sa motocin noma sun nome ciyawar da ke riƙe ƙasa, suka shuka alkama don tana kuɗi. Da fari ya zo a shekarun 1930, ba ciyawa ba alkama, sai iska ta riƙa kwashe ƙasar gona tana tafiya da ita. Mai karatu kada ya zaci irin hazon hunturu ne. Wannan ƙura ce baƙa wadda ke mai da rana dare, ta binne shinge, ta shaƙe shanu, ta sa yara ciwon huhu. Mafi muninta ita ce ta ranar Lahadi 14 ga Afrilu, 1935, wadda Woody ya gani da idonsa a Pampa, inda mutane da yawa suka ɗauka tashin duniya ne.

Dubban iyalai suka ɗora katifu bisa tsofaffin motoci suka nufi Kalifoniya neman aikin tsinkar 'ya'yan itace. Can ma ba a yi maraba da su ba. A 1936 'yan sandan Los Angeles sun je har kan iyakar jihar suna mai da duk wanda ba shi da kuɗi a aljihu, alhali kuwa duk 'yan ƙasa ɗaya ne. Woody ya bar matarsa da 'ya'yansa ya bi sahu, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a ɓoye cikin taragon kaya. Wannan barin iyali ya zama masa hali, kuma ba abin yabo ba ne. A 1937 ya sami fili a gidan rediyon KFVD, inda 'yan gudun fari suka ji ana faɗin halinsu da irin bakinsu.

Ya isa New York a farkon 1940, Alan Lomax mai tara waƙoƙin gargajiya ya ji shi, ya ɗauki muryarsa don ajiya a laburaren majalisar dokokin Amurka. A watan Afrilu na shekarar ya shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Victor, reshen RCA, a Camden, daga shi sai jitarsa da abin busa. Aka fitar da faifan garmaho guda 6, kashi biyu. Waƙar Tom Joad, wadda ya tsara daga littafin John Steinbeck na 1939, tsawonta ya cinye fuska biyu ta faifai ɗaya. Muryarsa ba mai zaƙi ba ce, kiɗan ma ba wani na a zo a gani ba. Ƙarfin abin yana cikin yadda yake ba da labarin banki da ya ƙwace gona, da ɗan sanda da ya kori baƙo, cikin raha, ba kuka ba ihu.

Faifan bai yi kasuwa sosai ba, kamfanin ya daina buga shi. Da Woody ya nemi a sake, aka ƙi, sai ya ba Moses Asch mai ƙaramin kamfanin Folkways izini ya kwafa daga tsofaffin faya-fayan. Aka fitar a 1950. RCA ya yi ƙorafi, amma ya janye. Sai da samari irin su Bob Dylan, wanda ya ziyarce shi a asibiti a 1961, suka sa kasuwar irin waɗannan waƙoƙi ta buɗe, sannan kamfanin ya tuna da kayansa, ya haɗa su a babban faifai ɗaya tare da waƙoƙi biyu da aka ajiye tun 1940. An kuma sake bugawa a 1988 da 2000.

Ciwon mahaifiyarsa ne ya kama shi, likitoci suka tabbatar a 1952, bayan an daɗe ana ɗora laifin a kan giya. Ya rasu a New York ran 3 ga Oktoba, 1967, yana da shekara 55. 'Ya'yansa mata biyu daga matarsa ta fari su ma ciwon ya ɗauke su. Matarsa ta biyu, Marjorie, ita ce ta kafa ƙungiyar yaƙi da cutar a shekarar da ya rasu.