Nana Asma'u 'yar Shehu: Malamar da ta mayar da ziyarar ilimi hanyar agaza wa marasa galihu

Idan aka ambaci Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, abin da ke fara zuwa a zukatan mutane shi ne ilimi da waƙoƙi. Amma akwai wani ɓangare na rayuwarta da ba a cika tsayawa a kansa ba, wato yadda ta tsara ƙananan ƙungiyoyin mata na ƙauyuka da ake kira 'Yan Taru, waɗanda suka haɗa karatu da kula da marayu da zawarawa da marasa lafiya. A wannan zamani da ƙauyukan arewacin Zamfara ke cike da matan da suka rasa mazajensu, tarihinta ya cancanci a sake karanta shi da idon basira.

An haifi Nana Asma'u a Degel a shekarar 1793, a ƙasar da a lokacin take ƙarƙashin mulkin Gobir. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan. Bisa al'ada da an kira ta Hussaina, amma Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, sahabiyar da ta yi fice wajen kai wa Manzon Allah (SAW) guzuri a lokacin hijira. Ta tashi a gidan da karatun mata ba baƙon abu ba ne, ta haddace Alƙur'ani, ta kuma naƙalci Larabci da Fulatanci da Hausa da harshen Buzaye.

Yarintarta ba ta hutu ba ce. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Bayan nasarar Tafkin Kwatto a wannan shekarar, jama'ar Shehu ta sha mummunan kashi a Tsuntsuwa, inda aka rasa malamai da mahaddata Alƙur'ani masu yawa. A 1805 jama'ar ta yada zango a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara, ƙasar da Shehu ya taɓa shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a cikinta. Yunwa da zazzaɓi sun addabi mutane a waɗannan tafiye-tafiye. Yarinyar da ta ga an binne mutane a bakin hanya, ta ga mata suna tafe da goyo babu abin sawa a baki, ba ta buƙatar wani ya ba ta labarin gudun hijira.

Yankin da a yau ya ƙunshi Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi yana tsakiyar waɗannan al'amura. Namoda, shugaban Fulanin Alibawa wanda garin Ƙaura Namoda ya ci sunansa, yana cikin manyan jagororin yaƙi na jama'ar a Zamfara, kuma yana cikin waɗanda suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. Faɗuwar Alƙalawa ba ta kawo ƙarshen faɗa ba. Gobirawa da Katsinawan Maraɗi sun ci gaba da kai hare-hare shekaru da dama, har aka yi babban gumurzun Gawakuke a 1836. Kowane yaƙi yana barin zawarawa da marayu, yana kuma kawo kamammun mata da yara waɗanda aka raba da garuruwansu, ba su san kowa ba a inda aka sauke su.

Asma'u ta auri Usman Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Ɗansu Abdulƙadir ne ya gaji mahaifinsa a wazirci. Bayan rasuwar Shehu a 1817, ita da mijinta sun duƙufa wajen tattara rubuce-rubucensa da adana su. Ta mayar da wasu waƙoƙin mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, daga ciki har da Tabbat Haƙiƙa, wadda ke gargaɗin masu mulki da attajirai da alƙalai a kan zalunci da cin haƙƙin talaka. Ta rubuta tarihin hijira da yaƙe-yaƙen jama'a a Waƙar Gewaye. A 1839 ta wallafa Tabshirul Ikhwan da Larabci, a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Zaɓen Hausa da ta yi a yawancin waƙoƙin koyarwarta ba don ƙawa ba ne. Matan karkara da kamammun yaƙi Hausa suke ji, su kuma take son saƙon ya riska.

Bayan rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno a 1837, ta ƙara mayar da hankali ga matan ƙauye. Matsalar a fili take. Matar aure mai ƙananan yara ba za ta bar gidanta ta tafi Sakkwato ko Wurno neman ilimi ba, malama ɗaya kuma ba za ta iya zagaye ƙauyuka ba. Sai ta zaɓi dattijuwar mace mai mutunci da riƙon amana a kowane gari, ta naɗa ta shugaba, ana kiranta Jaji. Alamar naɗin ita ce malfa da jan rawani. Wannan suna da wannan shiga sanannu ne ga matan ƙasar Gobir tun zamanin Inna, shugabar matan fada mai kula da harkar bori. Asma'u ba ta ƙirƙiro baƙuwar alama ba. Ta ɗauki wadda mata suka saba girmamawa, ta ɗora ta a kan malamar addini.

Idan rani ya yi, an gama aikin gona, Jaji takan tattaro tsofaffin mata da 'yan matan da ba su kai aure ba, su kama hanya a ƙasa zuwa wurin Asma'u. Su ne suke da damar tafiya. A can sukan koyi waƙoƙin da ke ɗauke da hukuncin alwala da salla da azumi da tarihin Annabi da kyawawan ɗabi'u, su hardace, su koma su koyar da matan da ke cikin gidaje. Waƙa tana da sauƙin riƙewa ga wadda ba ta iya karatu ba, tana iya rera ta tana daka ko tana kaɗi.

A nan ne harkar taimako ta shigo. Ba sa zuwa hannu rabbana. Matan da ba su samu tafiya ba sukan bayar da sadakarsu gwargwadon hali: hatsi, zuma, man shanu, zare ko ƙyallen saƙi. Jaji ce ke karɓa ta isar. Asma'u ba ta tara waɗannan kaya don kanta ba, takan raba su ga mabuƙata da naƙasassu da baƙi. Bayan sun koma gida kuma, 'Yan Taru su ne masu duba mara lafiya, da taimakon mai jego, da wankan gawar mace, da sharar masallaci, da sasanta ma'aurata da maƙwabta. Babu baitulmali a bayansu, babu albashi. Jarinsu shi ne yarda, domin kowa a gari ya san Jaji, ya san gidanta, ya san abin da aka ba ta da inda ta kai shi.

Abin da Asma'u ta ɗauka da daraja ya bayyana a waƙoƙin ta'aziyyarta. Ta yi wa manya irin su Bello da Giɗaɗo, amma ta yi wa wata Jaji mai suna Hauwa'u, ta kuma yi wa maƙwabciyarta Halima, mace da ba ta riƙe wata sarauta ba. Abin da ta yaba musu shi ne haƙuri da kyauta da sada zumunci da kyautata wa mutane. Shi ya sa jama'a suka riƙa kiranta Uwar Gari. Sunanta ya ƙetare ƙasar Hausa tun tana raye, har ta yi wa wani malami ɗan ƙasar Shingiɗi, wato Muritaniya ta yau, waƙar maraba da Larabci lokacin da ya biyo ta Sakkwato.

A shekarun ƙarshen rayuwarta ƙasar Zamfara tana tsakanin kasuwanci da fargaba. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Wurno, ya tarar da kasuwar Badarawa cike da jama'a da auduga, alhali ayari ba ya ratsa dajin Gundumi sai cikin sauri saboda tsoron hari. A irin wannan yanayi ne matan 'Yan Taru suke tafiye-tafiyensu.

Allah Ya yi mata rasuwa a 1864 tana da kimanin shekara 71, aka binne ta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato, kusa da mahaifinta. Aikin bai mutu da mutuwarta ba. Ƙanwarta Maryam ta karɓi ragamar 'Yan Taru, bayanta kuma Ta Modi. Turawa sun ci Sakkwato a 1903, tsarin mulki ya sauya, amma jajoji suka ci gaba da zuwa Hubbare da ayarinsu. Waziri Junaidu, wanda ya fito daga zuriyarta, ya adana rubuce-rubucenta. Da taimakonsa Jean Boyd, Baturiyar Ingila da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, ta wallafa tarihinta a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka fitar da kundin ayyukanta a 1997.

Tsarin ya kai har ƙasashen waje. Bayan yaƙin Burmi a 1903, wasu daga cikin jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru sun yi gabas, suka kafa garin Mai Wurno a Sudan. Ta hannun malaman wannan gari ne karatun Shehu ya isa ga wasu Musulmi baƙaƙen fata na Amurka, har matansu suka kafa ƙungiyoyi da sunan 'Yan Taru a birane irin su Pittsburgh, suna koyar da mata suna kuma tallafa wa mabuƙata. A gida Najeriya, ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985 tana ɗaukar Asma'u a matsayin abar koyi wajen gina makarantu da asibitoci da gidajen marayu.

A yau hare-haren 'yan bindiga sun kori dubban mutane daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana jinyar yara masu tamowa a asibitocin Shinkafi da Zurmi, hukumomin zakka da waƙafi na jihohi suna nasu ƙoƙarin. Sai dai mafi yawan waɗanda aka kora ba sa cikin sansani. Suna raɓe a gidajen 'yan'uwa da kangwaye da makarantu, inda babbar ƙungiya ba ta cika ganinsu ba. Wanda ya san su shi ne limamin unguwa, da malamar Islamiyya, da ƙungiyar 'yan kasuwa, da matan adashe.

Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da ke zaune a Gusau ko Kano ko Abuja, wanda ke son taimakawa amma yana tsoron kada kuɗinsa su salwanta a hanya, rayuwar Asma'u ta nuna abin dubawa. A nemi amintaccen mutum da ke zaune cikin mutanen, wanda suka sani suka yarda da shi. A karɓi ɗan abin da kowa zai iya bayarwa, ko da mudun gero ne, domin da yayyafi kogi kan cika. A haɗa ciyarwa da koyarwa, yadda wadda aka taimaka wa bana za ta iya taimakon wata baɗi. A kuma tanadi wanda zai gaji aikin tun mai shi yana raye. Da waɗannan abubuwa ne 'Yan Taru suka wuce shekara 150 bayan rasuwar wadda ta kafa su.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya kai haske kabarinta, Ya kuma kawo wa ƙasar Zamfara zaman lafiya.