Rachel Carson (1907-1964)

An haifi Rachel Carson a jihar Fensilbaniya ta Amurka a shekarar 1907. Ta karanci ilimin halittu, ta yi aiki a hukumar kula da kifaye da namun daji. A littafinta Silent Spring (1962), ta bayyana yadda magungunan ƙwari da na ciyawa kan bi ruwan sama su gangara koguna, ko su nutsa ƙasa su gurɓata rijiyoyi. Kamfanonin magunguna suka yi mata ca, amma ba ta janye ba, alhali tana fama da ciwon daji. Ta rasu a 1964. A 1972 aka hana fesa DDT a gonakin Amurka. Gargaɗinta ya shafi manoman fadamar Rima a Sakkwato, inda gona da mashaya ke maƙwabtaka.