Mai Albarka Cyprian Michael Iwene Tansi: Firist Wanda Ya Zama Uba

Daga birnin Kano har ƙauyukan Gwarzo da Kabo, yaro da babba suna kiran firist Fada, kuma ma'anar wannan kalma ita ce uba. Suna ne mai sauƙin faɗa, mai nauyin ɗauka. A ranar 20 ga Janairu Ikkilisiya a Nijeriya takan tuna da wani ɗan ƙasarmu wanda ya ɗauki wannan suna ya cika shi.

An haifi Iwene Tansi a shekarar 1903 kusa da Aguleri, a jihar Anambra ta yanzu. Iyayensa manoma ne masu bin addinin gargajiya. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, sai aka kai shi hannun wani ɗan'uwa malamin makarantar mishan, wanda ya riƙe shi. A can ya koyi karatu, aka yi masa baftisma a 1912 da sunan Michael. Tun yana yaro ya rasa ganin ido ɗaya. Daga baya mahaifiyarsa ma ta mutu ta hanya mai ɗaci, bayan an zarge ta da maita. Saboda haka ya san maraici da kansa, ya kuma san darajar mutumin da ya riƙi ɗan da bai haifa ba.

Ya yi aikin koyarwa har ya zama shugaban makaranta. A 1925 ya shiga makarantar horar da firistoci a Igbariam, ko da yake danginsa ba su so ba, gama a ganinsu namijin da bai yi aure ya haihu ba ya kashe gidan ubansa. Ranar 19 ga Disamba 1937 Bishop Charles Heerey ya keɓe shi firist a Onitsha.

Ya yi hidima a Nnewi, da Dunukofia, da Akpu, da Aguleri. Ƙauyukan da ke hannunsa suna da yawa, suna kuma nesa da juna, yakan kai gare su da ƙafa ko da keke. Abincinsa irin na talakawa ne, ɗakinsa na ƙasa. Idan ana ginin coci ko makaranta, yakan shiga kwaɓa ƙasa tare da jama'a. Yakan zauna sa'o'i masu yawa yana sauraron masu furta zunubansu. Ya buɗe gidajen da ake koya wa 'yan mata addini da riƙon gida kafin aure, ya tsaya wa mata a kan masu cin zarafinsu, ya kuma tara yara maza kusa da shi yana tarbiyyarsu. Mutum ne mai horo, har waɗansu suna jin tsoronsa, amma bai ɗora wa kowa kayan da shi bai fara ɗauka ba.

Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Da yawa cikin yaran nan sun zama firistoci. Ɗaya daga cikinsu shi ne Francis Arinze, wanda Fada Tansi ya yi wa baftisma a 1941 yana ɗan shekara tara, ya kuma zama Kadinal a 1985. Wanda aka ce zai kashe gida, sai ga shi da zuriya ta ruhaniya mai yawa.

A 1950 ya bar ƙasarsa ya shiga gidan sufaye na Mount Saint Bernard a Ingila, inda aka ba shi suna Cyprian. Mutumin da jama'a suke yi wa biyayya ya koma mai biyayya, cikin shiru da sanyi da aikin hannu. An yi niyyar ya dawo Afirka ya horar da sababbin sufaye a gidan da aka kafa a Kamaru, amma rashin lafiya ya hana. Ya rasu a Leicester ranar 20 ga Janairu 1964. Daga baya aka dawo da ƙasusuwansa Onitsha. Ranar 22 ga Maris 1998 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sanya shi cikin Masu Albarka a Oba, shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya sami wannan daraja.

Rayuwarsa tana da magana ga kowa. Ga firist da katikis, zama uba shi ne sanin 'ya'ya da sunayensu, da zuwa ƙauyen da ya fi nisa ko da damina ta ɓata hanya, da tsawatarwa cikin ƙauna ba tare da duban aljihun mutum ba. Ga jama'a kuwa, uba yana bukatar addu'a da taimako da gaskiya daga 'ya'yansa. Iyaye kuma, kada ku hana ɗan da Allah ya kira don tsoron gida zai mutu.

Mai Albarka Tansi, ka yi addu'a domin firistocinmu da iyalanmu. Amin.