Farfesa Abdu Mumuni Jofo, Malamin da Ya Fuskanci Rana

  Ƴan'uwa, da yawa daga cikinmu muna da ɗa ko ƙane a jami'ar da ke hayin kogi a nan Yamai, muna kuma ambaton sunanta kullum, amma kaɗan ne suka san mutumin da aka sa mata sunansa. Shi ne za mu ba da tarihinsa a wannan fitowa.

An haifi Abdu Mumuni Jofo a Tasawa ranar 26 ga Yuni 1929. Ya yi karatun farko a Damagaram da Yamai, sannan ya wuce makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, daga can sai Paris. Fannin da ya zaɓa shi ne fizik, wato ilimin da ke binciken ɗabi'ar haske da zafi da motsi da ƙananan ƙwayoyin da Allah Ya gina halitta da su. A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo, wadda ita ce mafi tsanani ga malaman Faransa.

Sai mu dubi zamanin da ya shiga wannan ilimi, domin a nan ne ƙimarsa take bayyana. A 1938 wasu masana a Berlin suka gano cewa ƙwayar uraniyom tana tsagewa. Bincike ne na ɗakin gwaji, ba mai tsammanin zai taɓa rayuwar talaka. Shekara bakwai kacal bayan haka, a 1945, bam ɗaya ya shafe birnin Hiroshima, kuma mafi yawan uraniyom ɗin da aka yi aikin da shi daga Kwango aka haƙo shi. Daga ranar nan manyan hafsoshin duniya suka ɗauki darasi: lissafin da malami yake yi yau a kan allo, wanda ba a ga amfaninsa ba, yana iya zama makami gobe, kuma wanda ya riga sani shi ke da rinjaye. Saboda haka suka buɗe baitulmali ga masana, ba tare da sun tambaye su ranar biya ba. Sun kuma fahimci cewa ƙwararru ba a samar da su ranar da yaƙi ya tashi. Sai an yi shekaru ana renonsu. Hatta allunan da ke mai da hasken rana wutar lantarki, tauraron ɗan Adam na farko da ya yi aiki da su, a 1958, na sojojin ruwan Amurka ne.

Wannan guguwa ba ta bar mu ba. A 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggan, cikin hamadar Aljeriya, arewa da mu. A 1971 aka fara fitar da uraniyom daga Arlit. Mai takardar shaida irin ta Abdu Mumuni, a irin wannan lokaci, ba zai rasa ƙofar da za ta buɗe masa a Turai ba.

Shi kuwa ya koma koyarwa a Dakar da Konakiri da Yamai. Daga baya ya zauna a Tarayyar Sobiyet yana nazarin ƙarfin rana har zuwa 1964. Ba mu ɓoye cewa a siyasa ya karkata ga ƴan gurguzu, aƙidar da ba mu tare da ita; sai dai abin da ya ɗauko daga can ya amfani mutane, kuma adalci ya wajabta mu faɗi haka. A 1964 ya wallafa littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya kare koyar da yara da harsunansu na gida. A shekarar ce ya tafi Bamako ya kafa ɗakin binciken ƙarfin rana, ya kuma sami digirin dakta a Paris a 1967.

A 1969 ya dawo gida ya shugabanci ONERSOL, ma'aikatar ƙarfin rana, har zuwa 1985. Shekarun fari ne, daji yana ƙarewa a murhu, mata suna tafiya mai nisa neman itace. A ƙarƙashinsa aka ƙera tukwanen dumama ruwa da na dafa abinci da na tace ruwa, duk da zafin rana. Mu da muke alwalar asuba cikin hunturu mun san darajar ruwan ɗumi wanda ba a sare bishiya dominsa ba.

Abin lura, mafi yawan wannan aiki ya gudana ne a zamanin mulkin soja na Seyni Kunce, wanda ya karɓi iko a 1974, lokacin da kuɗin uraniyom ke cika taskar gwamnati. A wannan mulkin ne aka naɗa shi shugaban jami'ar Yamai a 1979. Da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, hannun gwamnati ya ƙuntata, bincike ma ya ji a jikinsa. A ganinmu an yi sakaci da gadonsa: sai a 2023 aka buɗe babbar tashar lantarki ta hasken rana a Goru Banda, shekarar da Nijeriya ta yanke mana wuta, unguwannin Yamai suka kwana cikin duhu.

Ya rasu a Yamai ranar 7 ga Afrilu 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, amin.