Rudolf Diesel: Mutumin Da Sunansa Ya Koma Sunan Mai

A hutun ƙarshen zangon karatu da ya wuce na samu wata ƙaramar mota mai zuwa Arewa, irin 'yan Kwatanon nan masu shan gas, mu biyar har da direba. Mun wuce Ogbomosho ke nan, ana hira ana dariya, sai inji ya ɗauki wani irin ruri kamar an danne totur har ƙasa, alhali direba ya ɗage ƙafarsa. Ya gangara gefen titi, ya kashe makulli, ya ma zare shi ya riƙe a hannu, amma inji ko gezau. Hayaƙi ya turnuƙe har ba a ganin motar da ke biye da mu. Mu fasinja kowa ya ɓalle ƙofa ya yi ta kansa, ni dai a gonar rogo na tsinci kaina da takalmi ƙafa ɗaya. Direban ne ya yi ta maza, ya sa giya ta biyar, ya danne birki, ya saki kuloci, motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu.

Wani dattijon bakanike da aka ɗauko daga ƙauyen da ke kusa shi ya warware mana zare da abawa. Ya ce tobo ce ta lalace, baƙin mai ya riƙa zurarewa ta hanyar iska zuwa cikin silinda, inji ya mai da shi abinci. Injin gas ba shi da fulogin da ke ba shi wuta, saboda haka makulli mai kawai yake yankewa. In injin ya samu wani man ta bayan gida, ba ya tsayawa sai an toshe masa iska, ko an shaƙe shi da giya, ko kuma ya buga.

Muna jiran gyara sai hankalina ya koma kan kalmar kanta, halin ɗalibin harshe ke nan. A tasha gas muke cewa, a rediyo da jarida kuwa man dizal. Mun sha nazarin kalmomin aro a aji, amma ban taɓa kawo wa raina cewa dizal sunan mutum ba ne, mai uwa da uba da 'ya'ya da bashi. Da na bi tarihinsa sai na ga cewa abin da ya firgita mu a hanyar Ilori tun a ɗakin gwajinsa ya samo tushe.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Rudolf Diesel ranar 18 ga Maris, 1858, a birnin Faris. Iyayensa Jamusawa ne 'yan ci-rani. Mahaifinsa, Theodor, mutumin Augsburg ne, mai ɗinkin littattafai da aikin fata, wato dai baduku, kuma ba mai hali ba. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa a 1870, aka kori Jamusawa daga Faris, iyalin suka gudu Landan. Daga can aka tura Rudolf, yana ɗan shekara 12, zuwa Augsburg wurin 'yan'uwa, gidan wani malamin lissafi mai suna Christoph Barnickel. Yana ɗan shekara 14 ya rubuta wa iyayensa cewa shi injiniya zai zama. A 1875 ya samu tallafin karatu a babbar makarantar fasaha ta Munik. Zazzaɓin taifod ya hana shi zana jarrabawar ƙarshe tare da 'yan ajinsa, sai a Janairun 1880 ya gama, da sakamako mafi daraja.

A Munik ya haɗu da malamin da ya juya masa rayuwa, Carl von Linde, gwanin injinan sanyi. A darasinsa ne Diesel ya ji cewa injin tururi, wanda a lokacin shi ke jan jirgin ƙasa da masaƙu, da ƙyar yake amfana da kashi 10 cikin 100 na zafin kwal ɗin da ake ƙona masa. Sauran duk asara. Wannan lissafi bai bar shi ya huta ba har ƙarshen ransa. Bayan karatu ya koma Faris yana kula da masana'antar ƙanƙara ta Linde, ya auri Martha Flasche a 1883, suka haifi 'ya'ya uku. Ya ɓata shekaru yana gwada injin da zai yi aiki da tururin amoniya, abin bai kai ko'ina ba. A 1890 ya koma Balin.

Wuta ba ƙyastu

Mai karatu, in ka taɓa yi wa keke iska ka san yadda gindin famfo ke ɗaukar zafi. To dabarar Diesel ke nan gaba ɗaya. Injin fetur yana gauraya mai da iska, fulogi ya ƙyasta musu wuta. Shi kuwa ya ce a matse iska zalla a cikin silinda, matsi mai tsanani, har zafinta ya wuce digiri 500, sannan a feso mai, ya kama da kansa. Gwargwadon matsin, gwargwadon ƙarfin da za a tatsa daga ɗigon mai. Sai dai matsin da ke kawo tsimin mai shi ne kuma ke neman tsage ƙarfen da ya riƙe shi.

Ya samu takardar mallakar fasaha a Fabrairun 1893, ya kuma buga ɗan littafi a kan ra'ayin nasa. Kamfanin ƙera injuna na Augsburg, ƙarƙashin Heinrich von Buz, da kamfanin Krupp suka yarda su zuba kuɗi. Ranar 10 ga Agusta, 1893, aka fara fesa mai a cikin injin gwaji, wata doguwar silinda guda ɗaya mai tsayin kusan mita 3. Man ya kama, amma da irin ƙarfin da ya tarwatsa ma'aunin matsin da ke jikin injin, ɓaraguzai suka watsu a ɗakin. Da wani ne da ya haƙura. Shi kuwa abin da ya gani shi ne wuta ta kama ba fulogi. Sai ranar 17 ga Fabrairu, 1894, injin ya yi gudu da kansa, na minti ɗaya tak. Shekara uku cif bayan haka, 17 ga Fabrairu, 1897, Farfesa Moritz Schröter ya yi wa inji na uku gwaji a hukumance, ya samu yana amfana da kashi 26 cikin 100 na zafin mansa. Babu injin da ya taɓa kaiwa nan a duniya.

Akwai abin da masu yabonsa kan tsallake. Injin da ya yi aiki a 1897 ya sha bamban da wanda ya zayyana a takarda a 1893. Matsin da ya lissafa tun farko ya kai ninki 250 na matsin iskar da muke shaƙa, babu ƙarfen zamanin da zai jure, dole ya sauko da shi ƙwarai, ya kuma sauya yadda man ke ƙonewa. Abokan hamayyarsa sun riƙe wannan suna yi masa gori har ya bar duniya, suna cewa injiniyoyin Augsburg ne suka yi aikin, shi suna kawai ya samu. A ganina sun yi masa rashin adalci, domin wanda ya gane kuskurensa ya gyara bai zama ɓarawo ba.

Laifin da na ɗora masa daban ne: ya kai ɗanyen kaya kasuwa. Yana ganin sakamakon gwaji ya shiga sayar da izinin ƙira a ƙasashe. Adolphus Busch, attajirin giya na Amurka, ya biya mak miliyan 1 a 1897. Emanuel Nobel ya saya don Rasha, wasu a Birtaniya da Danmak. Amma injin da ke lafiya a hannun mutanen da suka reni shi shekara huɗu, da ya shiga hannun baƙi sai ya fara tsiya. Na farko da aka sayar, wanda aka kafa a masana'antar ashana ta garin Kempten a 1898, sai da makanikai suka yi ta zarya a kansa. Wani kamfani da aka kafa a Augsburg da sunan Diesel ya ƙera injuna, masu saye suka riƙa dawo da su, kamfanin ya durƙushe. Ga shari'ar mallaka da wani mai ƙirƙira, Emil Capitaine. A ƙarshen 1898 jikinsa ya gaza, ga ciwon kai mai tsanani, aka kwantar da shi a gidan jinya. Kafin ya kwanta ya sayar da haƙƙoƙinsa ga wani sabon kamfani, ya zama miloniya, amma ya rasa iko a kan abin da ya ƙirƙira. Injiniyoyin kamfanoni ne suka zauna suka yi ta gyara har injin ya zama abin dogaro.

Wani abu da zai ba mu sha'awa ya faru a baje-kolin duniya na Faris a 1900, inda injinsa ya ci babbar kyauta. An nuna wani ƙaramin injin dizal yana aiki da man gyaɗa zalla, bisa buƙatar gwamnatin Faransa, wadda ke tunanin ƙasashen Afirka da ta mallaka, masu gyaɗa ba man fetur. A 1912 Diesel yana yawon lacca yana cewa wata rana man tsirrai zai iya yin muhimmancin man ƙasa. A daidai wannan shekara jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗar Kano zuwa Ikko. Burinsa tun asali shi ne masu ƙananan sana'o'i irin mahaifinsa su samu ɗan injin da zai sa su yi gogayya da manyan masana'antu, har ya rubuta littafi a kan haɗin kan ma'aikata a 1903, wanda bai samu kasuwa ba. Injin nasa kuwa sai ya tafi wurin manya: tashoshin lantarki, jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa, da manyan jiragen teku irin Selandia ta Danmak, wadda ta fara aiki a 1912.

Motar da bai gani ba

Bari in ɗan tsallaka gaba kafin in dawo kan ƙarshensa, tunda mota ce ta kawo mu. Diesel bai taɓa ganin ƙaramar mota mai injinsa a kasuwa ba. Injinan zamaninsa da iska mai matsi suke hura mai, kuma famfon da ke samar da iskar ya yi wa mota nauyi. Sai da kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon fesa mai da yawa a 1927 hanya ta buɗe. Ko a nan, da Mercedes-Benz suka gwada injin silinda shida a ƙaramar mota, jijjigarsa ta riƙa tsage ƙashin motar. Suka rage shi zuwa silinda huɗu, suka fito da 260 D a 1936, mai ƙarfin doki 45, 'yan tasi ne suka fi sayenta.

Daga nan labarin Kempten ya yi ta maimaita kansa. A 1978, bayan tsadar mai, kamfanin General Motors na Amurka ya yi gaggawar fito da injin dizal mai lita 5.7 a motocin Oldsmobile, wanda aka gina a kan fasalin injin fetur. Kusoshin kan silinda ba su jure matsin ba, gasket ya yi ta ƙonewa, kuma ba a sa abin tace ruwa daga mai ba, famfo ya yi ta tsatsa. Masu motoci suka haɗu suka kai ƙara, aka daina ƙirar a 1985, Amurkawa suka juya wa ƙaramar motar dizal baya shekaru da dama. Sannan ga hayaƙi. Zafin da ke sa injin tsimi shi ke haifar da iskar da ke cutar da huhu, kuma a 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo cutar. A 2015 aka gano Volkswagen ya sa wata manhaja a motoci kusan miliyan 11 da ke rage hayaƙi lokacin gwaji kawai.

Rasuwarsa

A shekarun ƙarshe Diesel yana zaune a katafaren gida a Munik, kowa na ganin attajiri. A ɓoye kuwa dukiyar ta zurare a cinikin filaye da hannun jarin rijiyoyin mai da ba su haifar da komai ba. Ciwon gaɓɓai ya kama shi, masu suka ba su ƙyale shi ba.

Ranar 29 ga Satumba, 1913, ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden a Antwerp ta Beljiyam, tashar da a zamaninmu ake lodin tsofaffin motocin Turai zuwa Kwatano. Zai je Ingila taron wani kamfanin injuna, tare da abokan aiki biyu. Suka ci abincin dare, wajen ƙarfe 10 ya yi musu sallama, ya bar saƙo a tashe shi ƙarfe 6:15 na safe. Da gari ya waye aka tarar ba a kwanta a gadonsa ba, rigar barcinsa a shimfiɗe, agogonsa a ajiye inda mai kwance zai iya gani. Aka samu hularsa da kwat ɗinsa a ninke a bayan jirgi, kusa da ƙarfen kariya. Bayan kwana goma wani jirgin Holan ya tsinci gawar da ta riga ta lalace a teku. Ma'aikatan suka cire abin da ke aljihu, walat da 'yar wuƙa da gidan tabarau da kwalin magani, suka mai da gawar ruwa. Ɗansa Eugen ya tabbatar kayan mahaifinsa ne. Shekarunsa 55.

Tun daga lokacin ake ta zance. Wasu sun ce 'yan leƙen asirin Jamus ne, don kada ya kai wa Ingila sirrin injin jirgin ƙarƙashin ruwa ana dab da yaƙi. Wasu sun ce attajiran man fetur ne. A 2023 ma wani Ba'amurke, Douglas Brunt, ya fitar da littafi yana cewa Ingilishi ne suka ɓoye shi a Kanada. Yawancin marubuta tarihinsa sun tafi a kan cewa shi ya jefa kansa, kuma ni ma hujjarsu ta fi kama hankalina. Kafin tafiyar ya ba matarsa wata jaka, ya ce kada ta buɗe sai mako mai zuwa. Da ta buɗe ta tarar da mak 20,000 da takardun da ke nuna asusunsu ya kusa ƙarewa. A littafin ajiyar ranakunsa kuma ya zana alamar gicciye a kan 29 ga Satumba.

Ba shi da kabari. Abin da ke akwai shi ne wani lambun duwatsu a Augsburg, wanda aka buɗe a 1957 don tunawa da shi. Wanda ya ba da kyautar lambun Bajapane ne, Magokichi Yamaoka, mai kamfanin Yanmar, wanda a 1933 ya ƙera ƙaramin injin dizal da manomi zai iya saye ya kai gonarsa.