Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da lafiyar ciki

An haifi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wajen 1781. Ya zama Sarkin Musulmi a 1817, ya rasu a Wurno a 1837. Duk da nauyin mulki, ya rubuta littafi kan maganin basir, da wani kan filasko mai sassauta ciki. Kowace cuta da nata magani, kuma filaskon ma idan ya yi yawa gudawa yake jawowa.

Don haka kafin ka sayi ƙwayoyin narkar da abinci a kemis, ka ga likita, domin galibi masu ciwon fankiriyas ne ke buƙatarsu. Sinadaran da ke kare ƙwayoyin jiki kuwa, ga su nan cikin albasar Aliero, zogale da gwanda.