George Da Costa, Mai Ɗaukar Hoto Na Ikko

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban yara a aji ya san gaskiyar wannan magana, gama ka iya kwana kana yi musu bayanin gadar Jebba ba su gane ba, amma da ka ɗaga hotonta sai ka ji ajin ya yi tsit. Saboda haka muka ga ya kamata mu kawo wa 'yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu labarin wani mutum daga cikin 'yan ƙasar nan na farko da suka riƙi ɗaukar hoto sana'a, mu kuma tsinci abin da za mu iya tsinta game da yadda a ke tsara hoto ya yi kyau. Sunansa George Da Costa.

An haife shi a Ikko, watau Legas, cikin shekarar 1853. A lokacin nan garin bai shiga hannun Ingilishi sosai ba, sai a 1861. Iyayensa daga cikin mutanen da a ke kira Aguda ko Amaro su ke, watau zuriyar bayin da aka kwasa zuwa ƙasar Birazil, daga baya suka sami 'yanci suka komo gida. Wannan labari ya shafe mu fiye da yadda mu ke zato, domin cikin bayin da aka kai lardin Bahiya akwai Hausawa da yawa, har sun shirya yi wa iyayengijinsu tawaye a 1807. Bayan babban tawayen Musulmi na 1835 sai komowa ta ƙaru. Mutanen nan sun zo Ikko da sana'o'in hannu, akwai magina da kafintoci da teloli, kuma su suka kawo irin ginin nan mai ado a ƙofa da taga. Masallacin Shitta Bey da aka buɗe a 1894 wani ɗan Aguda ne ya tsara shi, shi ma Da Costa a ke ce da shi. To, yaron da ya tashi cikin irin wannan unguwa, idonsa ya saba da ganin abu a daidaice tun bai san sunan abin ba.

Ya yi karatu a makarantar horon malamai ta Mishan ɗin C.M.S., ashe ke nan ɗan'uwanmu ne a sana'a. A 1877, yana da shekara 24, aka ba shi riƙon kantin littattafan Mishan ɗin a Ikko, ya riƙe shi har shekara 17. Sai a 1894 ya ajiye aikin, ya zuba fam 30 na kansa don a koya masa ɗaukar hoto, ya buɗe ɗakin sana'arsa a 1895. Ku duba fa, mutum ya haye arba'in, yana da aiki mai daraja da albashi tabbatacce, ya bari ya koma ɗalibi. Fam 30 kuwa sule 600 ke nan, a zamanin da talaka ke ciniki da wuri. Lalle gemu ba ya hana ilmi. A ganinmu shekarun kanti ba su tafi a banza ba, gama wanda ya daɗe yana juya littattafai masu zane ya riga ya ga dubban hotuna, ya san wanda ke tsai da mai saye da wanda a ke wucewa.

Kafin mu ci gaba sai mu faɗi irin kayan da ya tarar. Asalin abin tsoho ne. Malam Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna a Masar wajen shekara dubu da suka wuce, ya bayyana cikin littafinsa Kitabul Manazir yadda haske ke shiga ta ƙaramar kafa cikin ɗaki mai duhu, ya zana siffar abin da ke waje a jikin bango, amma a kife. Abin da ya gagara shi ne a kama siffar nan ta zauna. Wannan sai a 1839 aka bayyana dabararsa a Faransa, ta hannun wani mai suna Daguerre. Da fari a kan farantin ƙarfe a ke yi, sa'an nan aka koma gilashi wanda a ke shafa wa magani a ɗauka tun yana jiƙe. A 1871 wani likita a Ingila ya gano yadda za a yi gilashin ya bushe da maganinsa, a ajiye shi har ranar bukata. Irin wannan ne ya yawaita a zamanin da Da Costa ya shiga sana'ar.

Akwatin katako ne babba, a kan ƙafa uku, da zuga-zugi a tsakiya kamar na maƙeri. Mai ɗauka ya kan lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, ya duba siffar a jikin gilashin baya, ga ta nan ƙafafu sama kai ƙasa. Kowane hoto gilashi guda ya ke ci, gilashin kuwa daga Turai a ke kawo shi a jirgin ruwa, ga nauyi ga saurin fashewa. Zafin ƙasarmu ya kan narkar da maganin wajen wanki, laima kuma ta sa shi fumfuna. Saboda haka mutum ba ya buɗe idon akwatin sai ya gama shawara. Mu da a yanzu kowa ke da abin ɗaukar hoto cikin wayar aljihunsa, mu kan ɗauki ashirin mu zaɓi ɗaya, sau da yawa kuma a rasa na zaɓa. Har kifewar nan ta siffa tana da amfani, domin idan mutum ya ga abu a kife ya kan manta da cewa wane ne wannan, ya koma duban inda nauyi ya rinjaya da inda haske ya faɗi.

Babban aikin da ya fid da sunansa shi ne na Gwamnati, musamman shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. An fara ta daga Ikko a 1896, ta kai Ibadan a 1901, ta kai Jebba a 1909. Wadda aka taso da ita daga Baro ta shiga Kano a 1911, sa'an nan aka haɗa su biyun. Da Costa ya bi aikin nan da akwatinsa daga Ikko ta Jebba har Kaduna. Injiniyoyi hujja su ke so, watau a nuna wa manya a Ingila inda kuɗi suka shiga, amma hujjar ma ba ta fitowa sai an tsara ta.

A nan ne ka'ida ta fari ta ke, ita ce ta layi. Idon ɗan Adam ya kan bi layi kamar yadda akuya ke bin turba. In ka tsaya tsakiyar dogo ka duba gaba, sai ka ga ƙarafan nan biyu suna matsowa har su haɗu can nesa, ko da ya ke ka san ba su haɗu ba. Wannan shi ke sa takarda shimfiɗaɗɗiya ta yi zurfi. Ba sai da reluwe ba, kunyoyin auduga a gonakin Daudawa za su yi maka wannan aiki, haka jerin shanu masu shiga kasuwar Sheme, ko inuwar katanga da la'asar. Abin lura shi ne layin ya kai ido ga abin da ka ke so a gani, kada ya fitar da shi waje.

Ta biyu ita ce gwaji. Hoton rami ko na gada ba ya faɗin girmansa da kansa, shi ya sa masu hoton ayyuka su kan tsai da mutum a gefe. Wanda ya ɗauki dutsen Kwatarkwashi shi kaɗai, mai kallo zai iya zaton suri ne. In ya bar mai jaki a gindinsa, magana ta ƙare.

Ta uku ita ce wurin ajiye abu. Turawa su kan ce a raba fili gida tara, da layi biyu a tsaye biyu a kwance, a sa abin da a ke nufi kusa da inda layukan suka gicce, kada kullum a dasa shi a tsakiya. Da aka fara nuna mana wannan sai muka ga ai hatimi ne mai gida tara, wanda duk almajiri ya sani. Gaskiya ma yawancin abin da littattafan nan ke koyarwa akwai shi a gida. Mai zayyanar allo ya san ba a cika fili duka da tawada, sai an bar wa ido wurin hutawa. Maɗinkin riga ya kan tara aiki a wajen aljihu, aska takwas ta sauko ta gefe guda, ya sa tambari a ɗaya gefen, rigar kuma ba ta karkace ba, domin ƙaramin ado a fili mai faɗi ya kan ɗauki nauyin babba. Magini mai zanen ƙofar zaure ya san maimaita siffa har ta zama kamar kiɗa. Mu dai ba mu ga dalilin da zai sa malami ya fara wannan darasi da zanen Turai ba, alhali rigar da ke wuyansa ta isa misali.

Ɗakin sana'arsa yana kan titin Ricca a Ikko, kuma a can manyan gari su ke zuwa a ɗauke su. Hoton mutum ya fi na gada wuya, don gada ba ta jin kunya, ba ta kuma motsi. A wancan zamani a kan rataya labule mai zane a baya, a ajiye kujera da ɗan tebur, a bar haske ya shigo ta gefe guda. Hasken gefe shi ke fid da hanci da kumatu, fuska ta yi jiki. Ranar tsaka kuwa mugun haske ce, ta kan zuba duhu cikin kwarmin ido da ƙarƙashin rawani, mutum ya fito kamar mai jinya. Hantsi da la'asar sun fi, haka kuma ranar da hazo ya ɗan rufe sama. Akwai wata wahala da ta shafe mu musamman, watau baƙar fuska cikin farar riga. In ka ba rigar hasken da ta ke so fuska ta ɓace, in ka bi fuska rigar ta ƙone, aikin allura duk ya tafi. Maganinta a kai mutum inuwa mai haske, kamar bakin zaure, a shimfiɗa farin zane a gabansa ya mayar masa da haske fuska. Sa'an nan a duba bayansa da kyau, gama sau nawa mu kan ga hoton dattijo da turken rumfa ya tsiro masa a ka.

A 1920 wani Bature mai suna Allister Macmillan ya fitar da wani babban littafi mai jan bango a kan ciniki da manyan mutanen ƙasashen Ingilishi na Afirka ta Yamma. Da Costa ya yi masa aiki, hotunansa na mutane da na titunan Ikko suna ciki, har da waɗanda ya ɗauka a Kano. Macmillan ya shaide shi da cewa duk Nijeriya ba mai ɗaukar hoto da ya kai shi gwaninta da suna. A lokacin yana da shekara 67. Kano da ya gani ita ce ta farkon sarautar Sarki Usman, shekara kaɗan bayan jirgi ya buɗe cinikin gyaɗa, kantuna na tasowa a bayan ganuwa. Abin da ya sa mu ke ganin aikin nan da girma shi ne, yawancin hotunan Afirka da a ke sayarwa a Turai a zamanin nan an zaɓe su ne don su ba da mamaki ko dariya. Ga shi kuwa ɗan ƙasa ya nuna attajirai da lauyoyi da malamai baƙar fata cikin shigarsu ta mutunci, suna duban mai kallo ido da ido. Zaɓen abin da za a sa cikin fili da abin da za a bari waje shi ma tsari ne, watakila ma shi ne babba.

Ba shi kaɗai ba ne. A Bonny, can bakin teku, akwai Jonathan Adagogo Green, wanda aka haifa a 1873 ya rasu a 1905 yana saurayi. Shi ya ɗauki sanannen hoton nan na Sarkin Bini Ovonramwen cikin jirgin ruwa a 1897, sa'ad da Ingilishi za su kai shi Kalaba. Hotunansa sun zaga duniya a littattafai da katin gidan waya, sau da yawa ba sunansa, kuma da ya ke J. A. Green kawai ya ke bugawa a hatiminsa, an daɗe ana zaton Bature ne. Da Costa ya yi sa'a an rubuta sunansa da labarinsa cikin littafin da ya yi wa aiki. Don haka in ɗayanmu ya je hutu ya ɗauki marina ko maƙera a Ruwan Godiya, ko sussukar dawa a Sabuwa, ko hawan salla a Ƙanƙara, ya nemi izinin mutanen tukuna, sa'an nan ya rubuta wuri da shekara da sunan sana'ar da nasa sunan tare da hoton.

Da Costa ya rasu a 1929, yana da shekara 76, bayan ya yi fiye da shekara 30 cikin sana'ar da ya shiga da furfura. A wannan shekara ce reshen hanyar jirgi da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda, jirgin da ya bi tun daga Ikko ya ratsa gefen ƙasarmu.